Awon kaya a filin jirgi: yadda iyali ke biyan kuɗin nauyin da bai wuce haƙƙinsu ba

Akwatuna huɗu muka shiga filin jirgi da su a wannan safiyar, ni da mai ɗakina da yaranmu biyu masu kujera, sai jaririyar da ke hannun uwarta. Tikitinmu ya ba kowane mai kujera akwati ɗaya na kilo 23, wato idan aka haɗa muna da damar kilo 92, kuma tun a gida na ƙiyasta cewa kayanmu ba su kai haka ba. Ƙiyasin bai yi ƙarya ba, domin da aka gama awo jimillar kilo 83 ce. Sai dai akwatin farko da na ɗora a kan sikeli, wanda muka cika da takalma da littattafan yara da kwalaben man shafawa, ya nuna kilo 27, na ƙarshe kuwa kilo 15 kacal. Ma'aikaciyar ta dubi lambar, ta ɗago ta ce cikin ladabi: "Yallaɓai, wannan ya zarce da kilo huɗu. Ko dai ku rage, ko ku biya." Na ce mata ai iyali ɗaya ne, tafiya ɗaya ce, kuma muna da sauran kilo tara da ba mu taɓa ba. Ta ce ta gani, amma a wannan hanyar kowane akwati shi kaɗai ake yi wa hukunci.

Muka ja kayan gefe, na durƙusa a ƙasa na zuge zif, tufafin da aka shafe dare ana ninkewa suka bazu a gaban jama'a. Mai ɗakina, riƙe da jaririyar da hayaniya ta tayar daga barci, ta ce: "Baban yara, fara da littattafan, su ne masu nauyi." Babban yaron ya riƙa karɓar littattafai da takalma yana kaiwa ƙaramin akwatin, ƙanwarsa kuma ta zauna a kan murfi don ya rufu. Kusan minti ashirin muka ɓata, muka rasa wurinmu a layi, muka isa ƙofar shiga jirgi da ƙyar da jiɓin goshi. Ba mu biya ko sisi ba, amma hankalin kowa ya tashi tun tafiya ba ta fara ba.

Tun daga ranar nake lura da abin da ke faruwa a wurin awo, kuma abin da na fahimta shi ne, da yawa daga cikin iyalan da ake caja kuɗin ƙarin nauyi ba wai kayansu ne suka fi haƙƙinsu ba. Rabon kayan ne bai yi daidai ba, ko kuma ba su san da wane irin lissafi kamfanin jirgin zai auna su ba. Mutum ɗaya mai akwati ɗaya ba ya cika shiga wannan ruɗani. Iyali ne ke shigarsa, saboda su ne ke da akwatuna da yawa, da tikiti iri-iri na manya da yara da jarirai, da kuma tunanin cewa tun da tare suke, kayansu ma tare za a lissafa.

Kamfanonin jiragen sama suna bin ɗaya daga cikin tsari biyu. Na farko shi ne lissafin adadin akwatuna: a ce maka kana da akwati ɗaya ko biyu, kowanne kada ya wuce kilo 23 a ƙaramin aji, ko kilo 32 a babban aji. A wannan tsarin, yawanci ragowar wani akwati ba ta ceton wanda ya zarce. Mai kilo 15 da mai kilo 27 abu biyu ne daban, kuma na biyun ya karya ƙa'ida ko da ɗan'uwansa fanko ne. Shi ne tsarin da ya kafu a tafiye-tafiyen da suka shafi Amurka da Kanada, kuma kamfanoni da yawa sun shimfiɗa shi a wasu hanyoyin. Na biyu shi ne lissafin jimillar nauyi: a ba kowane fasinja kilo 20 ko 25 ko 30, ya raba su a akwatuna yadda ya ga dama. A nan ne aka fi yarda iyalin da suka sayi tikitinsu a haɗe, kuma suka zo wurin awo tare, su haɗe damarsu wuri ɗaya. Akwai kamfanonin da ke bin tsari na farko a wata hanya, su bi na biyu a wata, don haka cewa "na taɓa hawa jirginsu, na san dokarsu" ba hujja ba ce.

Hanyar gane wanda ya shafe ka tana kan takardar tikitin kanta, a ɗan layin da yawancinmu ba ma karantawa. Idan aka rubuta 1PC ko 2PC, adadin akwatuna ake nufi. Idan aka rubuta 30K ko makamancinsa, jimillar kilo ce. Idan kuwa 0PC ka gani, to tikitin bai haɗa da akwati ko ɗaya ba, kuma arhar da ta ja hankalinka lokacin saye za ta iya ƙarewa a wurin awo. A ganina, magidanci da zai sayi tikitin mutum biyar ya kamata ya duba wannan layin kafin ya duba lokacin tashin jirgi, sa'annan ya duba shi ga kowane mutum da kowane zango, zuwa da dawowa, domin ba dole ba ne su zo ɗaya.

Ita ma lambar 23 tana da asali. A Amurka da ma'aunin laba ake awo, kuma iyakar a can laba 50 ce, wadda ta yi daidai da kilo 22.7, aka cike ta zuwa 23 a ƙasashen da ke amfani da kilo. Bambancin kaɗan ne, amma akwatin da ya tsaya daidai a kan kilo 23 ya ɗan haura laba 50. Lambar 32 kuwa, wato laba 70, ta fi ta farko tsanani, domin an kafa ta ne saboda lafiyar masu lodin kaya, waɗanda ke ɗaga ɗaruruwan akwatuna a rana, sau da yawa a durƙushe cikin ƙuntataccen rumbun da ke ƙarƙashin jirgi. Tsakanin kilo 23 da 32 kuɗi na iya warware matsala. Da zarar akwati ya haura 32, kamfanoni da yawa ba za su karɓe shi ba ko nawa za a biya. Sai an raba shi biyu ko a aika shi ta sashen jigilar kaya. Wannan iyakar tana aiki ko da a tsarin jimillar nauyi ne, saboda haka iyalin da aka haɗe musu kilo 100 ba za su zuba kilo 40 a akwati ɗaya ba. Akwai kuma iyakar girma: a auna tsawo da faɗi da kauri, har da tayoyi da mariƙi, a haɗa su, galibi kada su wuce santimita 158.

Na daɗe ina ɗaukar duk wannan a matsayin dabarar neman kuɗi kawai, kuma lallai neman kuɗi na ciki. A 2008, shekarar da farashin ɗanyen mai ya haura dala 140 kan kowace ganga, kamfanin American Airlines ya fara cajar kuɗi a kan akwatin farko, yawancin manyan kamfanonin Amurka suka bi sahu, kuma daga nan kuɗin kaya ya zama babbar hanyar samun riba a duk faɗin sana'ar. Amma awon kansa ya girmi wannan. Kafin kowane jirgi ya tashi ana haɗa takardar lodi da ke nuna nauyinsa gaba ɗaya da yadda nauyin ya rabu tsakanin gaba da baya, kuma da ita matuƙi ke lissafin mai da saurin da zai kai kafin ya ɗaga. Fasinjoji ba a cika auna su ɗaya bayan ɗaya ba. Ƙiyasi ake yi, kamar yadda ƙa'idar Turai ta sa kilo 84 ga babba tare da jakar hannunsa, da kilo 35 ga yaro, a manyan jirage. Ranar 8 ga Janairun 2003 wani ƙaramin jirgi ƙirar Beechcraft 1900D ya faɗi jim kaɗan bayan tashinsa daga filin jirgin Charlotte a Amurka, mutum 21 da ke ciki duka suka rasu. Bincike ya gano kuskure a gyaran igiyoyin da ke sarrafa jelar jirgin, ya kuma gano cewa jirgin ya yi nauyi fiye da kima kuma nauyin ya rinjaya baya, saboda ƙiyasin da aka yi amfani da shi ya gaza ainihin nauyin mutane da kayansu. Bayan haka hukumar kula da sufurin sama ta Amurka ta sabunta alƙalumanta. Tun da na san wannan na daina kallon ma'aikacin da ke gaban sikeli a matsayin abokin gaba. Ba shi ya rubuta dokar ba, kuma lambar da yake shigarwa tana da aiki bayan karɓar kuɗi.

Inda gizo ke saƙa ga iyali shi ne tikitin yara. Yaron da ya cika shekara biyu yana da kujerarsa, kuma a mafi yawan kamfanoni damar kayansa daidai take da ta babba, duk da cewa tufafinsa ba su kai rabin na babba nauyi ba. Wannan ita ce babbar garaɓasar iyali, kuma ita aka fi yin asararta, domin mun saba ba yaro ɗan ƙaramin akwati mai zane wanda ko an cika shi maƙil ba zai wuce kilo 10 ba. A tsarin adadin akwatuna, wannan ɗan akwatin ya cinye gurbin kilo 23 ke nan. Abin da ya fi shi ne a saya wa yaro akwati matsakaici kamar na kowa, a zuba masa takalman gidan duka da sauran kaya masu nauyi, shi kuma a bar masa 'yar jakar baya ya riƙe. Jaririn da bai kai shekara biyu ba kuma ba shi da kujera lamarinsa daban ne: kamfanoni da yawa na ba shi kilo 10, wasu akwati guda, wasu ba sa ba shi komai, amma galibi suna karɓar keken jariri da kujerarsa ta mota kyauta. Shekarun da ake dubawa su ne na ranar tafiya, don haka jaririn da zai cika shekara biyu kafin ranar dawowa yana buƙatar a tuntuɓi kamfanin a kansa tun da wuri.

Tafiya mai yada zango ita ma tana da nata tarkon. Idan tikiti ɗaya ne ya haɗa kamfanoni biyu, akwai ƙa'idar da ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ta fara aiki da ita a 2011, wadda ke sa a bi dokar kamfanin da ya ɗauki zangon da ya fi muhimmanci, galibi wanda ya tsallaka daga wani yankin duniya zuwa wani. Tafiyar da ta fara ko ta ƙare a Amurka ko Kanada kuwa, dokar kamfanin farko da ke kan tikitin ake bi har ƙarshe. Duk wannan kariyar tana faɗuwa idan tikiti biyu daban aka saya. Iyalin da suka sauka daga babban jirgi da akwatuna bibbiyu na kilo 23, sa'annan suka nufi ƙaramin jirgin cikin gida da suka sayi tikitinsa daban mai damar kilo 15 ko 20, za su biya kuɗin duk abin da ya haura, mutum bayan mutum. A irin wannan tafiya, zangon da ya fi ƙarancin dama shi ne ma'aunin shirya kaya.

Yanzu a gidanmu awo kan fara ne tun akwati na fanko. Babban akwati mai tauri da tayoyi huɗu na iya kai kilo biyar ko fiye kafin a sa ko allura a ciki, kuma idan aka ninka wannan sau huɗu, kusan gurbin mutum guda ya tafi a kan akwatunan kansu. Jakar yadi mai ƙarfi ba ta kai rabin haka ba, ta kuma dace da tufafi da duk abin da ba ya fashewa. Babban akwati yana da wani aibin kuma: yana kiran a cika shi, kuma idan aka cika shi da wuya ya tsaya ƙasa da kilo 23. Akwatuna matsakaita masu girma ɗaya sun fi wa iyali, domin ko an cika su ba sa nisa da iyaka. Haka nan ledojin nan da ake zuƙe wa iska don tufafi su motse. Suna rage girma, ba sa rage ko giram ɗaya, kuma gurbin da suka buɗe shi ne ake sake cikawa har nauyi ya zarce.

Abin da ya fi ba ni mamaki da na fara awo a tsanake shi ne, ba tufafi ne ke kawo nauyi ba. Ɗan hakin da ka raina ne: kwalaben sabulun ruwa da man gashi da turare, littattafai, takalma, wayoyin caji, ƙarfen guga, kayan wasan yara masu batiri. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, kuma iyali na iya ɗaukar lita huɗu ko biyar na kayan wanka da shafe-shafe ba tare da kowa ya lura ba, alhali yawancinsu ana samunsu a inda za a je. Ƙa'idarmu ita ce a tara waɗannan masu nauyin wuri ɗaya a ƙasa, a raba su kashi-kashi daidai da yawan akwatuna, kowanne ya sami rabonsa a gindinsa ta wajen tayoyi, sa'annan a bi da tufafi. Mun kuma daina ware akwati ga mutum guda. Kowane akwati na ɗauke da wani abu na kowa, wanda ke daidaita nauyi, kuma idan ɗaya ya yi jinkirin isowa babu wanda zai rasa abin sawa gaba ɗaya.

Sikelin hannu, ɗan ƙaramin nan mai ƙugiya ko maɗauri, shi ne abin da ya fi komai amfani a cikin kayan tafiyarmu. Ana maƙala shi a mariƙin akwati, a ɗaga sama har akwatin ya bar ƙasa bai jingina da ƙafa ba, a jira lambar ta tsaya. Wanda ba shi da shi zai iya hawa sikelin auna jiki shi kaɗai, ya sake hawa rungume da akwatin, ya cire ta farko daga ta biyu. Ko wanne aka yi amfani da shi, ba na barin akwati ya wuce kilo 22, domin sikelin gida da na filin jirgi ba sa cika yin daidai, kuma a safiyar tafiya ba a rasa abin da za a cusa a ƙarshe, ko tawul ko takalmin da aka manta. Ina rubuta nauyin kowane akwati a kan ɗan salatif in manna kusa da mariƙi. Idan wani abu ya taso, kowa a gidan ya san akwatin da ke da sauran wuri.

Jakar hannu ita ce mafakar da kowa ke gudu zuwa gare ta idan sikeli ya nuna ƙari, amma ita ma tana da iyaka, kuma ana ƙara matsa lamba a kanta. Emirates da Qatar Airways kilo 7 suke bayarwa a ƙaramin aji, Turkish Airlines da Lufthansa kilo 8, wasu kamfanonin masu arha kuma 'yar jakar da ke shiga ƙarƙashin kujera kaɗai suke bari kyauta. Ga iyali akwai wani lissafin da ba ya cikin doka: duk jakar da aka rataya wa yaro, uwa ko uba ne za su ƙare da ɗaukarta idan ya gaji ko barci ya kwashe shi. Sa'annan sauya wa kaya wuri cikin gaggawa yana da haɗarinsa. Kwalbar da ta wuce mililita 100, idan aka ciro ta daga akwati aka jefa a jakar hannu, za a karɓe ta a wurin bincike a yawancin filaye, bisa dokar da aka kafa tun 2006, ko da yake ana sassauta wa madara da abincin jarirai. Akasin haka kuma, fawa-banki da batiran litiyam na ajiya ba a yarda su shiga akwatin da za a sa a rumbu ba. A hannu ake riƙe su, kuma wanda ƙarfinsa ya wuce wat-awa 100 sai da izinin kamfani. Saboda haka nake ajiye abin da za a iya cirowa cikin sauƙi, kamar littafi ko rigar sanyi mai kauri, a saman kowane akwati.

Duk da wannan shiri, a dawowa ne aka fi faɗawa. Ana fita daga gida da sikeli a hannu da isasshen lokaci, a dawo da tsaraba da sayayyar da aka yi kaɗan-kaɗan cikin kwanaki, a haɗa kaya a daren ƙarshe cikin gajiya. Tufafin da ba su gama bushewa ba ma sun fi nauyinsu na asali. Shi ya sa sikelin hannun ke tafiya tare da mu, kuma tun daga gida muke barin kilo uku zuwa huɗu a kowane akwati saboda dawowa. Kayan jariri da ake amfani da su a yar suna taimakawa, domin suna ƙarewa a can su bar gurbi.

Wani lokacin kuwa kayan sun fi damar da gaske, kuma babu dabarar rabo da za ta ɓatar da su. A nan shawarata ita ce a yanke hukunci tun a gida. Sayen ƙarin akwati ko ƙarin kilo ta shafin kamfanin a intanet kusan kullum ya fi arha a kan biya a wurin awo, kuma wasu kamfanonin suna rufe wannan damar sa'o'i kaɗan kafin tashi. A kuma kwatanta, domin a tsarin adadin akwatuna ana cajar kuɗin zarce nauyi ne a kan kowane akwatin da ya zarce, kuma kilo biyu da kilo takwas galibi kuɗinsu ɗaya ne. Akwatuna uku da kowanne ya haura da kilo biyu, sau uku za a ci tararsu. Idan aka tattara kilo shidan a akwati ɗaya ya zama 29, tara ɗaya ce. Idan kuma aka sayi ƙarin akwati guda tun da wuri, an sami gurbin kilo 23 cif, sau da yawa a kan kuɗin da bai kai na taran uku ba. Wasu kamfanonin ma suna tara cajin a kan juna, na ƙarin akwati da na nauyi da na girma, duk a kan akwati ɗaya.

A tafiyarmu ta baya-bayan nan jaririyar ta riga ta sami kujerarta, saboda haka akwatuna biyar muka fita da su, kuma salatif ɗin da ke jikinsu ya nuna 19, 18, 19, 18 da 17. A daren dawowa, a ɗakin masauki, babban yaron ne ya riƙe sikelin yana karanto mini lambobi. Akwati na uku ya nuna 23.6. Muka ciro takalma ƙafa biyu da littafi ɗaya muka mayar cikin na biyar, ya sake ɗagawa, ya ce: "Baba, 21.9." Na cire tsohon salatif ɗin na manna sabo.